Injin Casar Malam Maharazu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

A wani ƙauye da ke jikin Dayi, ta ƙasar Malumfashi, akwai wani dillalin hatsi ana ce da shi Malam Maharazu. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin baki. In ya zauna a teburin shayin Lawal da safe, kafin shayinsa ya huce ya gama ba da labarin waɗanda suka zo cutarsa a kasuwa suka koma gida da hawaye. Yakan ce shi in ya mari buhu da tafin hannu, zai gaya maka ko da tsakuwa a ciki, da gonar da aka noma shi, da halin manomin. Yakan ce wanda zai cuce shi a ciniki, kakarsa ma ba a haife ta ba tukuna. Mutanen ƙauye sun saba. Sai su gyaɗa kai su ci gaba da tsoma burodinsu.

To, a wannan shekara masara ta yi kyau. Maharazu ya karye tasa, ya kwaso ta ya tara a filin bayan gidansa, tari guda har ya fi katanga tsawo. Saura casa. Injin casa kuwa guda ɗaya ne a ƙauyen, na maƙwabcinsa Yabo, mijin Rahab, Kirista ne, kuma tare suka yi kiwon awaki da Maharazu tun suna yara. Yadda ake yi, kowa Yabo ya ba shi ranarsa, a bi layi gida gida, ya ɗebi tiya ɗaya a kowane buhu ladan aikinsa. In ya gama da ƙauye sai ya ɗora injin a mota ya tafi manyan gonakin Matazu, ba a sake ganinsa sai bayan Kirsimeti. Duk wanda ranarsa ta wuce shi, masararsa sai ta zauna a ƙasa, gara ta ci ta ƙasa, ɓera ya ci ta tsakiya, awaki su ci ta sama.

An ba Maharazu ranar Alhamis. Amma tiyar nan ta tsaya masa a wuya. Shi da ya saba karɓar la'ada a hannun kowa, a ce wani ya zura hannu cikin buhunsa yana kallo.

Ran nan yana kishingiɗe a tsakar gida yana latse-latsen waya, sai ga wani shafi ya faɗo masa, wai shagon sayar da injunan noma ne a intanet, sunansa Rahusa Har Ƙofar Gida. Ga hoton injin casa sabo fil, jan fenti yana sheƙi, kuɗinsa kuwa bai kai na maraƙi ba. Maharazu ya tashi zaune. Ya kira matarsa Hansai, wadda ke can gindin murhu tana suyar ƙuli-ƙuli, ya ce ta matso ta ga yadda ake ciniki, ko ta ƙaru.

Ya buga lambar, ya buɗe murya don ta ji. Wata murya mai laushi kamar man shanu ta amsa, ta ce Manaja Almustapha ne ke magana, wane Alhajin ne Allah ya haɗa su da shi yau. Maharazu dai iyakar tafiyarsa Kaduna, amma bai gyara masa ba. Ya saci kallon Hansai ya ga ko ta ji, sannan ya gyara murya ya taya injin rabin kuɗinsa.

"Albarka, Alhaji," in ji Manaja.

Maharazu ya rufe bakin wayar da hannu. "Kin ji ko? Ɓarawo ba ya cewa albarka. Wannan ɗan kasuwa ne na gaske."

Ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, Manaja ya sallama nan take. Saurin sallamar ya ɓata wa Maharazu rai, don dillali ba ya jin daɗin cinikin da bai yi gumi ba. Sai ya ce ya tuna ya ga irinsa a Kano da araha, ya zabge kuɗin har ƙasa da tayinsa na farko. Manaja ya ja numfashi, ya ce a gaskiya faɗuwa za su yi, amma kwarjinin Alhaji ya cika wayar, ya sallama. Maharazu ya ce to gyara fa, ai ba a rabuwa a ciniki babu gyara. Manaja ya ce za a haɗa masa da tamfol. Maharazu ya ce tamfol kawai, kamar wanda ya sayi tumatir? Aka ƙara masa baro. Ya yi tsaki. Aka ƙara masa janareta.

Hansai ta tsame ƙuli-ƙulinta daga mai, ta ce, "Malam, ni in yaro ya sayi ƙuli ya ce in ƙara masa ɗaya, sai na ji har cikin raina. Wannan bawan Allah ya ba ka janareta ko muryarsa ba ta girgiza ba. Kayan nasa ne kuwa?"

Maharazu ya ce bambancin mai ƙuli-ƙuli da kamfani ke nan.

Ta ce to ya tambaye shi inda shagon yake, ƙaninta da ke Funtuwa ya je ya gani da ido. Manaja da ya jiyo ta ya gaishe da Hajiya, ya ce ai su sun wuce zaman shago, sito gare su a Legas da Kano da Dubai, kaya daga sito sai ƙofar gida. Ya ƙara da cewa injin nan shi kaɗai ya rage, kuma wani Alhaji daga Bakori ya taya, yana hanyar banki yanzu haka, in ba a biya kafin azahar ba sai dai haƙuri.

Wannan magana ta "wani ya taya" Maharazu da kansa yakan faɗe ta a kasuwa tun safe har yamma, kuma ya san babu wani. Amma bai taɓa jin an faɗa masa ita da murya mai daɗi haka ba. Ya zura takalmi, ɗaya nasa ɗaya na Hansai, ya fita. Kafin azahar ya sayar da waken suyarsa kaf, ya tsaya gaban mai tura kuɗi na bakin titi. Mai tura kuɗi ya danna lambar asusun, ya duba, ya ce sunan da ya fito ba na kamfani ba ne, na wata mace ce, Yasmin. Ya tambaye shi ko ya san ta. Maharazu ya ce matar Manaja ce mana, duk da cewa a lokacin ya fara jin sunan. Ya ce a tura.

Da ya dawo gida ya ba Hansai labari, ya ce ka ji mutum mai hankali, ya damƙa dukiyarsa a hannun iyalinsa. Hansai ta ce tunda abin hankali ne, shi ma ya fara daga yau, ga hannunta. Ya yi kamar bai ji ba.

Washegari teburin Lawal ya cika, waya tana yawo hannu hannu ana kallon jan inji. Da ta iso hannun Yabo, ya daɗe yana dubawa. Ya ce shi da zai sayi nasa, kwandon masara ya ɗauka daga gida har Kano, sai da aka tayar da injin ya cashe ta a gabansa sannan ya sa hannu a aljihu. Ya ce a kira mutumin ta bidiyo mana, ya tayar da injin a ji kukansa. Maharazu ya kira don ya rufe bakin mahassada. Manaja ya ce kash, kyamararsa ta faɗa ruwa jiya jiyan nan. Lawal kuma ya leƙa ƙasan hoton inda mutane ke yabo, ya ce ya ga duk magana ɗaya suke yi, na karɓi nawa Allah ya saka, na karɓi nawa Allah ya saka, kamar 'yan makaranta suna bin malami. Maharazu ya ce inji iri ɗaya suka saya, me ake so su ce daban.

Sannan ya juya wajen Yabo, ya ɗaga murya yadda har masu jiran mota a bakin titi za su ji, ya ce ranar Alhamis ɗin nan ya yafe ta, a ba mabuƙata.

"Maharazu, ka riƙe ranarka," in ji Yabo. "In naka ya zo, sai ka ce min ka fasa. Ba abin da ka rasa."

"Ka lallaɓa gwangwaninka ka kai shi inda ake marmarinsa. Ni na yaye kaina daga tiya."

Yabo ya sake tambayarsa a gaban jama'a, Maharazu ya sake ba shi amsa ɗaya, har da ƙarin cewa in gwangwanin ya mutu a hanya, Yabo ya zo a ɗauke shi aikin zuba masara a sabon inji. Yabo ya shanye shayinsa ya tashi, ya ba wata tsohuwa ranar Alhamis.

Maharazu bai tsaya nan ba. Ya yi shela cewa injinsa rabin tiya zai riƙa karɓa. Araha kuwa ba ta rasa masoya. Lawal mai shayi, wanda shi ne ya gano yabon nan iri ɗaya, shi ya fara cire sunansa daga layin Yabo, ya ce ai shi bai biya kowa komai ba, in injin ya zo ya ci riba. Wasu magidanta biyu suka bi shi. Maharazu ya ce kowa ya kawo tasa filinsa, don babban inji ba ya yawo gida gida kamar mai tallan goro. Aka yi ta jigila da amalanke, farar masara nan, ja can, har fili ya cika.

Labari ya isa kunnen awakin ƙauye kafin ya isa kunnen mai unguwa. Suka zo da 'ya'yansu da baƙinsu. Kaji suka tare a wurin. Wani jaki ya tsinke igiya ya zo ya yi birgima tsakanin farar masarar Lawal da jar masarar Maharazu, ya gauraya su yadda ko alƙali ba zai raba ba. Maharazu ya bi shi da sanda, ya taka goyon masara, ƙafa ta tafi gabas hula ta tafi yamma. Da aka ɗaga shi sai ya ce da ma yana gwada bushewar masarar ne, kuma ta bushe.

Ranar da aka ce mota za ta iso, Manaja ya kira da muryar jaje. Mota ta taso lafiya, ta wuce Zariya, amma taya ta fashe a Giwa, direba na zaune bakin hanya babu ko sisi. In Alhaji zai taimaka da kuɗin taya, za a mayar masa ranar sauke kaya. Maharazu ya taya tayar, aka ce albarka, ya ƙara kaɗan aka sallama. Ya tura wa Yasmin. Ya zo teburin shayi yana ba da labarin yadda ya sayi tayar babbar mota a kuɗin tayar keke. Yabo ya ce shi bai taɓa jin inda mai sayen kaya yake yi wa motar kamfani faci ba. Maharazu ya ce ai Yabo bai taɓa hulɗa da kamfani ba.

Alhamis ta zo ta wuce, injin Yabo na ta ruri a gidan tsohuwa, ƙaiƙayi na tashi har tsakar gidan Maharazu. Wani guntun hadari na ƙarshen damina ya taso ya yi yayyafi. Hansai ta ce a sayo tamfol a rufe masara. Maharazu ya ce wane irin wawa ne zai sayi tamfol alhali tamfol ɗinsa na kyauta yana Giwa.

Sai kuma Manaja ya sake kira, wannan karon yana dariyar farin ciki. Ya ce albishir. An gyara taya, direba zai tayar da mota ke nan aka aiko masa matarsa ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji. Dole ya koma gida. Amma saboda alherin da Alhaji ya yi masa na taya, ya rantse yaron nan ba shi da suna sai Maharazu.

Idanun Maharazu suka kawo ruwa. Shekara da shekaru yana ƙauyen nan, 'yan'uwa suna haihuwa, maƙwabta suna haihuwa, babu wanda ya taɓa yi masa takwara. Yau ga baƙo a bakin hanyar Giwa ya san darajarsa. Ya fita ƙofar gida ba hula yana tare mutane yana gaya musu. Ya manta da inji ma sam.

Hansai ta ce wane direba, sunansa wa, ɗan wane gari. Ya ce wannan ba shi ne abin tambaya ba, abin tambaya shi ne me za a kai. Ai ba a yi wa mutum takwara ya naɗe hannu, sai a yi da shi har Zariya. Ta ce ta ga dai har yanzu ba su ga ko ƙusa ɗaya ta injin ba, kuɗi ne kawai ke tafiya, babu abin da ke dawowa sai murya. Ya ce ita ba ta san zumunci ba. Ya kwance ragon da yake kiwo don layya ya kai kasuwa, ya tura kuɗin ragon suna. Ya sayo atamfa da sabulu da ɗan kwalin turare na mai jego, ya ajiye sai direba ya zo. Ya ce ma zai je sunan da kansa, Manaja ya ce hanyar garin ba ta biyuwa, gada ta karye, amma ga hoton yaro.

Hoton ya zaga ƙauye. Rahab ta shigo wajen Hansai karɓar ƙuli-ƙuli, aka nuna mata. Ta kai wayar kusa da ido, ta mayar nesa.

"Malam Maharazu, wannan jaririn naka ai a zaune yake. Ga haƙora biyu a bakinsa."

"Rahab, sunana fa ya ɗauka. Dole ya yi sauri."

Rahab ta ce Allah ya raya, in an jima kaɗan ma sai a sa shi makaranta. Da za ta fita ta ja Hansai gefe, ta ce Yabo ya gama da layin ƙauye, gobe zai kai injin Funtuwa a canja masa bel, daga can sai Matazu. Amma ya ce in Maharazu ya yi magana ko da kalma ɗaya ce, zai ba shi yinin gobe kafin ya tafi. Hansai ta isar da saƙo. Maharazu ya ce a gaya wa Yabo ya gode, kuma in bel ɗin ya yi tsada ya zo a haɗa shi da Manaja.

A ranar ne Lawal ya ɗaga ƙasan tarinsa ya tarar gara ta gina hanyoyinta har da unguwanni. Ya zo da goyon masara guda a hannu, rabinsa ƙasa, ya ɗora wa Maharazu a cinya, ya ce ya kira Manaja yanzu. Manaja ya rantse da girman Allah an sha suna, direba ya kama hanya, ranar Asabar da hantsi mota tana Dayi.

Ranar Asabar Maharazu ya yi abin da ba a taɓa yi wa inji ba. Ya sa Hansai ta dafa shinkafa babbar tukunya. Ya ɗauko makaɗan kalangu da maroƙi mai lasifika. Ya sa babbar riga, ya rungumo atamfa da sabulun mai jego, ya ja jama'a zuwa bakin titi. Har masu sayar da rake suka bar rakensu suka biyo. Duk motar da ta ɓullo daga wajen Malumfashi sai kalangu ya tashi, Maharazu ya ɗaga hannu. Ta farko shanu ta ɗauko. Ta biyu siminti. Wata bas ta tsaya tana zaton fasinja ne, kwandasta ya zazzage su da zagi ya wuce. Rana ta take, shinkafa ta huce, maroƙi ya fara maimaita kirari.

Can sai ga wata a-kori-kura tana tafe a hankali, an lulluɓe kayanta da tamfol, bakin injin casa ya leƙo ta gefe. Maharazu ya faɗa tsakiyar titi ya ware hannuwa. Direba ya taka birki har motar ta yi tsalle. Wani dattijo ne mai farin gemu, ya leƙo yana salati. Kafin ya buɗe baki Maharazu ya buɗe ƙofa ya rungume shi, ya danƙa masa atamfa da sabulu, yana barka da arziki, ya mai jego, ya takwarana, ya kwanan haƙora. Dattijo ya ce wace mai jego, shi autarsa ma tana da 'ya'ya uku. Amma kalangu ya cika wuri, maroƙi na ta kwarara wa inji kirari, na Maharazu ci goyo ka tofar da totuwa, babu wanda ya ji shi. Matasa suka kewaye motar suka raka ta da kiɗa har filin masara, direba na ta ɗaga hannu yana bayani, jama'a na ɗaga masa hannu suna amsa gaisuwa.

Maharazu ya haye bayan motar, ya karɓi lasifika. Ya ce yau ranar kunyar masu baƙin ciki ce. Ya ce akwai masu cewa kaza da kaza, yau ga kaza da kaza a gabansu. Ya ce zamanin gwangwani ya wuce a ƙauyen nan. Sannan ya kama tamfol ya fizge.

Kalangu ya mutu a tsakiyar kiɗa. Inji ne kam, amma babu jan fenti. Tsoho ne mai tsatsa, da sabon bel, kuma babu wanda ke tsaye a filin nan da bai taɓa zuba masa masara ba. A gefensa an rubuta da farin fenti, Yabo da 'Ya'yansa. Daidai nan sai ga Yabo a kan babur, Rahab a baya, sun biyo motar daga Funtuwa sun tsaya shan mai. Yabo ya kashe babur, ya dubi injinsa, ya dubi makaɗa, ya dubi direbansa rungume da atamfa, ya ce shi dai tunda ya sayi injin nan ba a taɓa karrama shi haka ba, ya gode.

Dariya ta ɓarke har wata mata ta zauna a ƙasa. Amma Maharazu bai sauko ba. Ya ce kuskuren mota ne kawai, tasa na baya, kuma yanzu kowa zai ji da kunnensa. Ya kira Manaja, ya kara wayar a bakin lasifika.

Muryar man shanu ta cika fili. Manaja ya ce Alhaji ai yanzu yake shirin kiransa, mota ta shigo Funtuwa, amma wani abin farin ciki ya sake faruwa. Ashe tagwaye ne. An sami ta biyu, mace, kuma direba ya ce ba ta da suna sai Hansai. In da hali a turo na rago ɗaya, mota ta ƙaraso yau.

Rahab ta ce ita ta haifi biyar, ta karɓi haihuwa ba adadi, amma ba ta taɓa jin tagwayen da ɗaya ya fito ɗaya ya tsaya sai an sha suna ba. Wani ya ce ta tsaya ne ta ga ko ragon farko ya iso.

Hansai ta ajiye ludayin shinkafa, ta ratsa jama'a, ta miƙa hannu. Maharazu ya ba ta wayar ba musu, karo na farko tun aurensu.

"Manaja, ni ce Hansai. Na gode da takwara. Rago na nan a ɗaure. Ku ɗoro yarinyar a kan injin ku kawo su tare, in mun gani da ido mu biya."

Aka ji ƙit. Maharazu ya sake kira, aka ce lambar a kashe take. Ya buɗe shafin don ya nuna wa jama'a jan injin, shafin ma ya ɓace, da shi da masu cewa sun karɓi nasu.

Lawal ya tafi ya ɗauko goyon masarar nan da gara ta ci, ya tsaya a gaban motar. Sauran magidanta biyu suka tsaya bayansa. Yabo ya dubi rana, ya ce mutanen Matazu na jiransa gobe da sassafe, kuma motar haya ce, amma tunda kiɗa ya kawo inji har fili, zai yi aiki zuwa faɗuwar rana, tiya cikakkiya, kuma a bi layi. Maharazu ya sauko da sauri ya ce ai filinsa ne, shi ne farko. Yabo ya ce waɗannan ruɗarsu aka yi, shi kuwa da bakinsa ya yafe ranarsa a gaban shaidu, saboda haka shi ne ƙarshe. Shaidu suka ce sun ji, suna nan.

Aka tayar da inji. Aka cashe ta Lawal, da jar masarar da jaki ya gauraya masa, wadda Lawal ya ce ba zai iya tsincewa ba. Aka cashe ta biyun nan. Maharazu da babbar rigarsa shi ke ɗauko kwando yana zubawa don aiki ya yi sauri, ƙaiƙayi ya mayar da gemunsa fari. Makaɗa suka cinye shinkafa suka nemi sallama. Ana zuba kwandon ƙarshe na mutum na uku, ladan ya kira magariba. Yabo ya kashe inji, aka ɗaure, ya dafa kafaɗar abokinsa ya ce sai bayan Kirsimeti, in gara ta rage wani abu. Direba ya tambaya ko ya mayar da atamfar, Hansai ta karɓe abinta.

Tun daga washegari, duk wanda ya bi ta bayan gidan Maharazu zai gan shi zaune gindin tarin masara da kwarya a gaba, yana ɓarewa da hannu, goyo ɗaya bayan ɗaya, yana korar awaki da ƙafa. In an yi masa sannu sai ya ce da ma masarar hannu ta fi daraja a kasuwa, inji fasa ƙwaya yake yi, shi ya daɗe da sanin haka. Manyan yatsunsa suka kumbura suka yi ruwa, Hansai ta naɗe masa su da tsumma har ba ya iya latsa komai.

Ran nan da hantsi wayarsa ta yi ƙara a kan tabarma. Ya leƙa, ya ga wata sabuwar lamba, da hoton injin ban ruwa shuɗi mai sheƙi. Ya gwada dannawa da tsumma ta ƙi, ya gwada da haɓa ta ƙi. Ya kira Hansai a hankali, ya ce ta ɗan danna masa, ba saye zai yi ba, tayawa kawai zai yi ya ji.

Hansai ta ɗauki wayar, ta zagaya bayan tarin, ta zura hannu har kafaɗa ta tura ta can ƙasa, ta jawo masara ta rufe. Wayar ta ci gaba da kuka daga ciki, ƙasa-ƙasa.

"Tana nan tana jiranka, Malam," in ji ta. "In ka ɓare ka iso wurin, sai ka amsa."

Ƙurunƙus kan ɓeran da ya ƙoshi da masarar Maharazu. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya saƙa ta, ni ɗaukowa kawai na yi.